Yadda ake tantance labari kafin a tura shi gaba: jagora ga masu salula a Damagaram

A Damagaram ta yau labari yakan riga rediyo isa gida. Kafin mai karanta labarai ya zauna gaban makirufo, saƙon murya ya riga ya zagaya gurup ɗin dangi, ya shiga na ƴan kasuwar Dole, ya faɗa na tsofaffin ɗalibai, kuma da magariba ana tafka muhawara a kansa a fada ana jiran shayi ya nuna. Mafi yawan masu tura waɗannan saƙonni ba maƙaryata ba ne, mutanen kirki ne da ke son su gargaɗi ƴan uwansu. Sai dai wanda ka tura wa saƙo ba ya duba wanda ya ƙirƙire shi, tunda bai san shi ba, kai yake dubawa. Idan ya yarda, da mutuncinka ya yarda, idan kuma abin ya zama ƙarya, amanar da ke tsakaninku ce ta ragu.

Ɓarnar da jita-jita ke yi ba ƙarama ba ce. A watan Agusta na 2014, bayan da cutar Ebola ta shiga Najeriya, saƙo ya bazu cikin dare cewa wanka da ruwan gishiri da shansa suna kare mutum, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da mutuwar aƙalla mutum biyu ta dalilin shan gishirin. A 2003 wasu jihohin arewacin Najeriya suka dakatar da rigakafin shan inna bisa zargin cewa an sa masa abin hana haihuwa, Kano ba ta koma ba sai a tsakiyar 2004, cutar kuwa ta tsallaka zuwa ƙasashen da a da suka rabu da ita. Wani bincike da masanan jami'ar MIT ta Amurka suka wallafa a 2018 ya nuna cewa a Twitter labarin ƙarya yakan kai ga mutum 1,500 cikin saurin da ya ninka na gaskiya kusan sau shida. Matakan da ke biye ba sa buƙatar ilimin kwamfuta, kuma yawancinsu mai ƙaramar salula ma zai iya binsu.

Mataki na farko: ka dakata, ka lura da abin da saƙon ya tayar maka

Saƙon ƙarya yakan fara aiki a ƙirji kafin ya kai ga tunani. Idan ka saurari abu ka ji gabanka ya faɗi, ko ranka ya ɓaci, ko ka ji daɗi domin ya tabbatar da abin da dama kake zargin wasu da shi, to lokacin ne ya kamata ka ajiye salular. Ka yi hattara musamman da saƙon da ke haɗa ka da Allah ka tura wa mutum goma, ko mai cewa a yi maza kafin a goge shi, ko mai cewa gidajen rediyo na ɓoye maganar. Labarin gaskiya ba ya lalacewa don an jinkirta shi rabin awa.

Mataki na biyu: ka bi sawun maganar zuwa bakin da ta fara fitowa

Wannan mataki ba baƙo ba ne ga garin da ke cike da malamai da almajirai. Malaman hadisi ba su karɓi magana ba sai sun san wane ya ji daga wane, kuma aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta umarci muminai su nemi tabbaci idan fasiƙi ya zo musu da labari, don kada su cutar da wasu mutane cikin rashin sani su wayi gari suna nadama. Abin da ake buƙata shi ne mu yi wa saƙon WhatsApp tambayar da aka daɗe ana yi wa ruwaya.

Da farko ka duba saman saƙon. Kibiya ɗaya na nufin wanda ya aiko maka ba shi ya rubuta ko ya naɗa ba, turowa ya yi. Kibiya biyu, tare da rubutun da a salula mai Faransanci yake cewa « Transféré de nombreuses fois », na nufin saƙon ya bi ta hannuwa aƙalla biyar a jere kafin ya iso gare ka. Kamfanin ne da kansa ya sa wannan alama, kuma tun Afrilun 2020 ya taƙaita tura irin wannan saƙo zuwa wuri ɗaya a lokaci guda, saboda ya ga yadda ƙarya ke hawa kansa. Bayan haka ka tambayi wanda ya aiko maka kai tsaye: kai ka gani, ko gaya maka aka yi? Sau da yawa amsar ita ce shi ma a wani gurup ya tsinta, kuma a nan igiyar take tsinkewa.

Saƙon murya ya fi komai tasiri a wajenmu, domin yana isa har ga wanda bai yi lakwal ba, kuma murya tana da kusancin da rubutu ba shi da shi. Saboda haka ka saurare shi sau biyu, karo na biyu kana neman abubuwa uku: shin mai maganar ya faɗi cikakken sunansa, ya faɗi takamaiman wurin, ya faɗi ranar? Ka ɗauki misalin saƙon da kowa ya taɓa jin irinsa, inda wani ya yi sallama, ya ce shi ɗan uwanku ne, ya ce jiya-jiyan nan an kama masu satar yara cikin wata farar mota a bakin tasha. Bai ce wace tasha ba, bai ce wane gari ba, kuma “jiya” ɗin nan za ta ci gaba da zama jiya ko bayan shekara uku, ko a Zangon Damagaram aka saurare ta ko a Katsina. Ka kasa kunne ga harshensa. Idan yana lissafi da naira alhali mu da jika muke lissafi, idan yana ambaton ƙaramar hukuma da DPO alhali mu kwamisariya da jandarma muka sani, to ko da abin ya faru, ba a nan ya faru ba. Irin wannan saƙo na da haɗari na musamman, domin baƙon da ya tsaya tambayar hanya a unguwa shi ne zai iya shan dukan da ba shi ya jawo ba.

Mataki na uku: ka binciki hoto da bidiyo, ina ne kuma yaushe ne

Yawancin hotunan da ake yaudarar mutane da su na gaske ne, labarin da aka liƙa musu ne na ƙarya. A watan Yunin 2018, lokacin rikicin jihar Filato, an yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook da sunan abin da ke faruwa a can, daga baya binciken BBC ya gano cewa wasunsu ba ma a Najeriya aka ɗauke su ba, alhali sun riga sun ƙara rura wutar ramuwar gayya. Haka kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, tsofaffin bidiyoyin sojoji da jiragen wasu ƙasashe sun yi ta yawo da sunan abin da ke faruwa a Yamai.

Ga yadda ake yi idan kana da babbar salula da ɗan kuɗin intanet. Ka adana hoton a salularka, ka buɗe manhajar Google, ka taɓa alamar kyamara da ke gefen wurin bincike, wadda ake kira Google Lens, sannan ka zaɓi hoton. Za ta nuna maka shafukan da hoton ya taɓa fitowa, kuma abin da kake nema shi ne kwanan wata mafi tsufa. Idan hoton da aka ce na jiya ne ya bayyana a wata jarida tun 2017, magana ta ƙare. Idan bidiyo ne, ka tsayar da shi a wurare biyu ko uku da hoton ya fito sarai, ka ɗauki hoton fuskar salular, ka bincika kowanne. Shafin TinEye ma yana yin wannan aiki. Ka sani cewa rashin samun komai ba shaida ba ce cewa hoton na gaskiya ne, yana nufin kawai wannan hanya ba ta ba da amsa ba.

Idan babu intanet mai ƙarfi, idonka ya isa ya yi rabin aikin. Ka duba rubutun allunan shaguna, da Faransanci ne ko da Ingilishi? Ka duba lambar motoci ko tana ɗauke da RN, ka duba kakin jami'an tsaro, ka duba irin ginin da irin itatuwan. Ka duba lokacin shekara: bidiyon da aka ce an ɗauka a Mirriya cikin watan Maris, amma ga ciyawa shar ga gero ya yi kai, ya ƙaryata kansa, tunda damina a nan ba ta wuce Yuni zuwa Satumba.

Ba kowane abin mamaki ne ƙarya ba, kuma wannan ma yana cikin darasin. A farkon Satumban 2024, da bidiyon rushewar tsohon masallacin Birni sakamakon ruwan sama ya bazu, mai shakka yana da hanyoyi da yawa na samun tabbaci: ginin sananne ne ga duk ɗan gari, wurin na nan kusa da fadar Sarki, mutane daban-daban sun ɗauki hoton daga kusurwoyi daban-daban, kuma kafofin labarai na gida da na waje sun ba da rahoto cikin lokaci kaɗan. Haka abin da ya faru da gaske yake, yana barin shaidu da yawa da ba su haɗa baki ba, yayin da na ƙarya yakan tsaya kan bidiyo ɗaya tak da ake ta maimaitawa.

Mataki na huɗu: ka yi la'akari da cewa na'ura na iya ƙirƙirar fuska da murya

Mun taso muna cewa gani ya kori ji, amma fasahar ƙirƙirarriyar basira ta raunana wannan magana. A Maris na 2022 an yaɗa bidiyon shugaban Yukren, Zelensky, yana umartar sojojinsa su ajiye makamai, alhali bai faɗa ba. A Mayun 2023 hoton fashewa kusa da hedkwatar tsaron Amurka, wanda na'ura ta zana, ya girgiza kasuwar hannun jari na ɗan lokaci. A Mayun 2025 kuma an haɗa dogon bidiyo na Fafaroma Leo na 14 yana yabon shugaban Burkina Faso, har sai da Fadar Vatican ta fito ta ƙaryata.

Akwai alamun da ake dubawa: leɓen da bai dace da sauti ba, fatar fuska mai santsi fiye da kima, yatsu ko haƙoran da suka cakuɗe, rubutun bango da ba ya karantuwa, da muryar da ba ta numfashi ko take karya Hausa a inda ɗan ƙasa ba zai karya ba. Amma ina ganin kuskure ne mutum ya dogara da waɗannan kaɗai, domin na'urorin suna gyaruwa kowace shekara, kuma bidiyon da ya bi ta WhatsApp dama yakan dushe har a kasa bambancewa. Tambayar da ba ta tsufa ita ce: da a ce wannan babban mutum ya faɗi wannan babbar magana, ina kuma ya kamata in gan ta? Idan shugaban ƙasa, ko gwamna, ko sanannen malami ya yi furucin da zai girgiza jama'a, zai fito a Télé Sahel, ko a shafinsa da aka sani, ko a bakin ƴan jaridar da suka halarci wurin. Idan babu shi ko'ina sai a wani shafin TikTok da aka buɗe makon jiya, kada ka ɗauka.

Wannan fasaha ta shigo har cikin harkar damfara. Da ɗan gajeren sautin mutum ana iya kwaikwayon muryarsa, don haka idan saƙo ya zo da muryar ɗanka da ke Agadas ko Libiya yana neman a tura kuɗi cikin gaggawa zuwa wata baƙuwar lamba, ka kira tsohuwar lambarsa, ko ka yi masa tambayar da ku biyu kaɗai kuka san amsarta. Kada ka taɓa ba kowa lambobi shida da WhatsApp ke turo maka ta SMS, domin da su ake ƙwace asusun mutum a riƙa roƙon kuɗi da sunansa. A cikin WhatsApp ka shiga Paramètres, sannan Compte, ka kunna « Vérification en deux étapes », wato ƙarin lambar sirri da ke kare asusunka.

Mataki na biyar: ka tantance takardun hukuma da adireshin da aka ce ka taɓa

Sanya tambarin ƙasa da hatimi a kan takarda aikin minti kaɗan ne ga mai kwamfuta. Idan sanarwa ta zo da sunan wani ofishin minista, ka duba lambar takardar, da kwanan wata, da sunan wanda ya sa hannu ko har yanzu shi ke riƙe da muƙamin, sannan ka neme ta a jaridar Le Sahel ko a kamfanin dillancin labarai na ANP. Adireshin shafukan gwamnatin Nijar yakan ƙare da .ne, sau da yawa gouv.ne. Saƙon da ke cewa ana rabon tallafi, ko ɗaukar aiki a matatar SORAZ, ko kyautar kuɗin intanet, sannan ya ce ka tura wa gurup biyar kafin a ba ka, tarko ne na tattara lambobi da bayanan mutane.

Mataki na shida: ka tambayi wanda ke wurin, ka kuma gwada majiyoyin da ba su da buƙata ɗaya

Wannan shi ne mataki mafi ƙarfi, kuma shi ne aka fi mantawa. Damagaram gari ne da kowa ke da wani a wani wuri. Idan an ce an rufe iyaka a Magarya, direban da ke bin hanyar kullum ya fi kowane shafi sani. Idan an ce cuta ta ɓulla a Matamaye, ma'aikacin asibiti na can yana da salula. Idan an ce wani abu ya faru a wata unguwa, akwai mai unguwa. Kiran minti ɗaya ya fi muhawarar awa uku. Ka dai tabbatar cewa wanda ka kira ya gani da idonsa, ba shi ma a WhatsApp ya ji ba, domin mutum goma da suka sha daga saƙo ɗaya shaida ɗaya ce.

Sannan ka saurari kafofin da ke da suna da adireshi, waɗanda za a iya tuhumarsu idan sun yi kuskure: Muryar Sahel, rediyoyi masu zaman kansu irin su Anfani, shirye-shiryen Studio Kalangou, da sassan Hausa na gidajen rediyon waje. Akwai kuma masu aikin tantance labarai kamar Africa Check da aka kafa a 2012, da Dubawa da aka kafa a 2018 wadda ke wallafawa har da Hausa, da AFP Factuel mai Faransanci. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ba ta da inda ta fi karkata, ta gwamnati da ta waje duka, shi ya sa ake haɗa biyu ko uku da ba su da buƙata ɗaya, a ga inda suka haɗu.

A nan akwai abin da ya kamata masu iko da masana su ji. Jama'a ba sa rungumar jita-jita don wauta. Zargin da aka yi wa rigakafin shan inna ya samu gindin zama ne domin mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara kimanin 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Duk inda bayani na gaskiya ya yi jinkiri ko ya yi ƙaranci, saƙon murya ne ke cike gurbin. Amma mai karatu ya kiyayi ɗaya ramin, wato ya ce tunda an taɓa yaudararsa, komai ƙarya ne. Wanda ya kai nan ba zai kai ɗansa rigakafi ba, ba zai bar bakin gulbi ba idan an yi gargaɗin ambaliya, kuma ya ba duk mai laifin da aka ɗauka a bidiyo damar cewa na'ura ce ta haɗa.

Mataki na bakwai: ka yanke hukunci

Bayan bincike, saƙo yakan faɗa ɗaya daga cikin uku. Wanda ya tabbata, ka tura shi tare da faɗin inda ka tabbatar da ranar da abin ya faru. Wanda ya tabbata ƙarya ne, kada ka tura ko da niyyar nuna wa mutane ƙaryar, domin bidiyon zai ci gaba da tafiya bayan bayaninka ya tsaya. Wanda ba ka iya tabbatarwa ba, kuma su ne mafi yawa, ka bar shi a inda ka same shi, rubuta “ban sani ba ko gaskiya ne” a ƙarƙashinsa ba ya wanke ka. Ka kuma san cewa dokar Nijar ta 2019 kan laifukan intanet, wadda aka sake tsaurarawa a Yunin 2024, ta tanadi ɗauri da tara kan ɓata suna, da zagi, da yaɗa abin da zai iya dagula zaman lafiyar jama'a.

Mataki na takwas: ka gyara wa wanda ya turo ba tare da ka kunyata shi ba

Wuya a nan take, domin sau da yawa mai turowar kawunka ne, ko surukarka, ko malaminka. Idan ka ƙaryata dattijo a gaban gurup mai mutum ɗari, ka tilasta masa kare maganar don kare girmansa. Ka kira shi a keɓe, ka gaishe shi yadda ya kamata, sannan ka ce kamar haka: “Kawu, Allah ya ƙara girma. Wannan hoton da aka turo muku na bincika, na tarar tun shekarun baya ya fito a wata ƙasa. Na ce bari in sanar da ku, kada wani ya jingina maganar da sunanku.” Ga malami kuwa: “Allah ya gafarta Malam, na kira wani ɗan uwa da ke garin, ya ce bai ga haka ba, ko za a dakata a ƙara bincike?” Ka ba shi damar ya zama shi ne zai fitar da gyaran da bakinsa, kuma idan ƙaryar da murya ta zo, gyaran ma ya tafi da murya, cikin Hausar da Inna da Kaka za su fahimta, ya shiga duk gurup ɗin da na farko ya shiga.

Idan kai ne shugaban gurup, ka kafa ƙa'ida tun kafin rikici ya taso: duk mai kawo labarin mutuwa, ko hari, ko cuta, ko neman taimakon kuɗi, ya haɗa da sunan wanda ya gani da ranar da abin ya faru. WhatsApp ya ba shugaban gurup ikon goge saƙon wani ga kowa, ya kuma ba shi ikon rufe gurup na ɗan lokaci ta yadda shugabanni kaɗai ke iya aika saƙo. A ranar da gari ya ɗauki zafi, ka rufe shi na ƴan awoyi, ka sanar da dalili cikin ladabi, ka wakilta mutum biyu su kira waɗanda ke wurin, sannan ka buɗe da abin da suka samo.